Makarantar da ke tankaɗe ɗalibai ta fi koyarwa ne, ko gwanayen yara kawai ta kwasa?

Tambaya: Ina zaune a Ingila, a yankin da har yanzu ake da makarantun girama, waɗanda sai yaro ya ci jarrabawa yake shiga. Na duba jadawalin sakamakon sakandare na yankinmu, na ga duk su suka mamaye sama. Wani abokina ya ce in daina kallon sakamako tsura, in kalli ma'aunin ci gaban ɗalibi. Na duba, nan ma su ne a gaba. To wannan bai isa hujja ba cewa sun fi sauran koyarwa? Ɗana zai zauna jarrabawar shiga a watan Satumba, kuma ina tsoron in ya faɗi shi ke nan an bar shi a baya.

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron sa'a, ya kuma kwantar maka da hankali. Abokinka ya yi maka nasiha mai kyau, amma ya tsaya a rabin hanya. Ma'aunin ci gaba ya fi sakamako tsura adalci nesa ba kusa ba, sai dai shi ma yana karkata wajen makarantun da ke tankaɗe da rairaya kafin su ɗauki yaro. Na shafe shekaru ina aikin nazarin sakamakon jarrabawa, kuma abin da na gamsu da shi shi ne, mafi yawan tazarar da ka gani a jadawalin nan yaran ne suka shigo da ita a ranar farko. Abin da makarantar ta ƙara da hannunta yana nan, amma bai kai yadda ido ke nuna maka ba.

Makarantun girama na gwamnati 163 ne a duk Ingila, kuma suna ɗauke da kusan kashi 5 cikin 100 na ɗaliban sakandare. Ragowar tsarin da dokar ilimi ta 1944 ta kafa ne, lokacin da ake raba yara da jarrabawa suna da shekara 11. A 1965 sakataren ilimi Anthony Crosland ya nemi ƙananan hukumomi su koma makarantun kowa-da-kowa, waɗanda ake shiga ba tare da jarrabawa ba, yawancinsu suka bi, wasu kamar Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire suka riƙe nasu. Dokar 1998 ta hana buɗe sababbi, kuma yunƙurin Firaminista Theresa May na ɗage hanin a 2016 ya mutu bayan zaɓen 2017. Amfanin wannan ga mai bincike shi ne ƙasa ɗaya ta ƙunshi tsari biyu a lokaci guda, da jarrabawar gamawa iri ɗaya, da rajistar da ke bin kowane yaro tun daga firamare. Shi ya sa kusan duk mai son gane gaskiyar wannan batu yake leƙa Ingila.

Sakamako tsura ba ya buƙatar dogon bayani. Asibitin da ba ya karɓar kowa sai mai ciwon kai zai fi kowane asibiti yawan waɗanda suka warke, kuma wannan bai gaya maka komai game da ƙwarewar likitocinsa ba. Makarantar da ta zaɓi yaro ɗaya mafi ƙoƙari cikin kowane huɗu dole ta fito a sama bayan shekara biyar, ko da malamanta sun yi daidai da na maƙwabciyarta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma waɗannan makarantu Larabar suke dubawa su zaɓa.

Ma'aunin da abokinka yake nufi shi ne wanda gwamnati ta sa wa suna Progress 8, ta kuma mai da shi babban ma'auni a 2016. Ga yadda ake lissafinsa. A ƙarshen firamare, a watan Mayu, kowane yaro a makarantar gwamnati yana zana jarrabawar karatu da lissafi, makin yana tsakanin 80 da 120, kuma 100 shi ne abin da ake sa ran yaro ya kai. Bayan shekara biyar sai ya zana GCSE, wato jarrabawar gama sakandare, inda kowane darasi ke da mataki daga 9 zuwa 1. A ɗauki darussansa takwas: Turanci da lissafi, waɗanda ake ninka makinsu sau biyu, da uku daga cikin kimiyya da tarihi da labarin ƙasa da harsuna da ilimin kwamfuta, da wasu ukun da suka rage. A tara. Sai a nemo duk yaran ƙasar da suka bar firamare da maki irin nasa, a ga matsakaicin abin da suka tara. A ce takwarorinsa sun tara 60, shi kuma ya tara 65. Bambancin 5 ne, a raba gida 10 tunda biyu daga cikin takwas ɗin an ninka su, ya ba da +0.5, wato ya ɗara takwarorinsa da rabin mataki a kowane darasi. Makin makaranta shi ne matsakaicin na duk yaranta. Sifili na nufin daidai da sauran ƙasa.

Dabara ce mai kyau, kuma ina cikin masu kare ta. Ta ƙwato wa makarantu da yawa mutuncinsu, waɗanda a da ake raina su saboda yaran da ke shigo musu sun zo da rauni. Amma a wannan ma'aunin ma makarantun girama kan fito da kusan rabin mataki sama da sifili, kamar yadda ka gani. To ina wannan rabin matakin ya fito?

A nan ne gizo ke saƙar, kuma ina so ka bi ni a hankali. Ka ɗauki yara biyu, kowannensu ya samu 105 a jarrabawar ƙarshen firamare. A idon ma'auni su biyun ɗaya ne. Amma jarrabawa ta kwana ɗaya ba ta auna yaro cif-cif. Na farkon a gaskiya ɗan 111 ne, ranar ya tashi da mura, ko ya maƙale a tambaya ɗaya lokaci ya ƙure masa. Na biyun ɗan 100 ne, ranar ta zo masa da sa'a, nassin da aka ba su ya faɗo kan abin da ya sani. Takarda ta nuna 105 da 105. Yanzu ka tambayi kanka, wane ne cikinsu ya fi yiwuwa ya ci jarrabawar shiga girama da aka yi watanni takwas kafin nan, a Satumba? Na farkon mana. Makarantar girama tana da awo na biyu a hannunta wanda ma'aunin gwamnati bai gani ba. Duk lokacin da ta ɗauki yaro mai 105, ta fi yiwuwa ta ɗauki wanda takarda ta rage masa tsawo, ta bar wa maƙwabciyarta wanda takarda ta ƙara wa. Bayan shekara biyar kowannensu ya koma ainihin matsayinsa. Na farko ya wuce abin da aka sa masa rai, aka rubuta wa girama yabo. Na biyu ya gaza abin da aka sa masa rai, aka rubuta wa ɗayar laifi. Alhali ko da an ɗora su a benci ɗaya, gaban malami ɗaya, haka sakamakon zai fito.

Wannan kuskuren awo ba ya lalata komai idan yara sun bazu cikin makarantu ba tare da zaɓi ba, domin mai mura da mai sa'a za su haɗu a ko'ina su share juna. Yana zama matsala ne idan wata makaranta tana da hanyar tsince masu murar. Kuma aikin jarrabawar shiga ke nan.

Abu na biyu shi ne gidan da yaro ya fito. Ma'aunin bai tambaya ko yaro yana da teburin karatu a gida ba, ko iyayensa suna iya biyan malamin lesin, ko akwai mai duba masa aikin gida. Makin firamare kaɗai ya riƙe. Amma yara biyu masu maki ɗaya a shekara 11, ɗan mai hali da ɗan talaka, yawanci tazara na buɗewa tsakaninsu kafin su kai 16, a kowace irin makaranta suke. A Ingila ana gane talauci a rajista ta hanyar cancantar cin abincin makaranta kyauta. Rahoton da cibiyar nazarin manufofin ilimi ta EPI ta fitar a 2016 ya nuna kashi 2.5 cikin 100 na ɗaliban girama ne suka cancanta, alhali a dukkan sakandaren gwamnati adadin ya haura kashi 13. Makarantar da kusan babu ɗan talaka a cikinta za ta nuna ci gaba mai kyau tun kafin malami ya ɗauki alli. Haka kuma yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne, da 'ya'yan iyalai 'yan asalin Indiya da Sin, sukan yi tsalle sosai tsakanin firamare da GCSE, kuma suna da yawa a makarantun girama. Akwai ma iyayen da suka cika fom, suka sayi littattafan gwaji, suka zauna da yaro kowace Asabar shekara guda. Wannan himmar ba ta da gurbi a rajista ko kaɗan, kuma ba ta ƙarewa ranar da aka ba yaro gurbi. Kai kanka, Malam, da ka zauna kana bin jadawali layi-layi har ka rubuto tambaya, kana cikin abin da zai bi ɗanka duk makarantar da ya shiga.

A da an gwada saka waɗannan abubuwa cikin lissafi. Daga 2006 zuwa 2010 Ingila tana da ma'aunin da ke la'akari da talauci da jinsi da ƙabila da buƙata ta musamman. Gwamnatin haɗaka da ta hau a 2010 ta soke shi, bisa hujjar cewa yana sa a rage wa ɗan talaka buri tun daga farko. Hujjar tana da nauyinta, ban raina ta ba. Amma idan abin da kake so ka sani shi ne wace makaranta ta fi koyarwa, to ba ka da zaɓi sai ka kwatanta kama da kama. George Leckie da Harvey Goldstein na Jami'ar Bristol sun sake lissafa ma'aunin da waɗannan bayanai a ciki, sai matsayin makarantu da yawa ya canza, fifikon girama kuma ya ragu sosai. Stephen Gorard da Nadia Siddiqui na Jami'ar Durham sun bi ɗalibai fiye da 500,000 a binciken da suka buga a 2018, suka ce bayan an cire abin da yaro ya zo da shi, ba su ga girama ta fi sauran ba. Rahoton EPI ya ɗan sassauta: ya samu ribar kusan sulusin mataki a kowane darasi idan aka kwatanta da yara masu kama da su, amma ribar tana shuɗewa idan aka kwatanta da makarantun kowa-da-kowa masu kyau. Masana ba su daidaita a kan adadi ɗaya ba. Inda suka haɗu shi ne duk lokacin da aka ƙara gyara awon, fifikon raguwa yake yi.

Don adalci, akwai inda ma'aunin yake cutar girama ita ma. Babu matakin da ya wuce 9, saboda haka yaron da aka riga aka sa masa ran 8 ba shi da sararin da zai nuna tsalle, ko da malamansa sun kai shi inda jarrabawar ba ta iya aunawa. Sannan yaran da suka fito daga firamare masu zaman kansu yawanci ba su da makin ƙarshen firamare, don haka ba sa shiga lissafin sam, kuma suna da ɗan yawa a wasu makarantun girama. A ɗaya ɓangaren kuwa, ɗaliban girama kusan duk suna cika gurabe takwas ɗin nan da darussan da ake ƙirgawa, alhali yaron da ya bar gurbi ɗaya babu komai sifili ake sa masa a wurin. Wani ɓangare na makin makaranta zaɓin darussa ne kawai.

Akwai wani zama da ban manta ba. Wani shugaban makarantar kowa-da-kowa ya kira ni hankali a tashe, makinsu ya faɗo ƙasa da sifili, iyaye sun fara magana. Muka buɗe jerin yaran ɗaya bayan ɗaya, kimanin ɗari ne. Sai ga yara uku da kusan ba su zana komai ba: ɗaya tana kwance a asibiti, ɗaya mahaifinsa ya rasu ana saura 'yan makonni, ɗaya ya daina zuwa tun shekarar da ta gabata amma sunansa na nan. Kowannensu ya jawo ragi mai girma, kuma da muka ware su gefe sai makarantar ta dawo daidai da sauran ƙasa. Ya daɗe yana kallon sunayen nan uku, ya ce ai duk ya san gidajensu, ya je ta'aziyya ma. Daga 2018 gwamnati ta sa iyaka ga yadda yaro ɗaya zai iya jawo maki ƙasa, amma har yanzu irin waɗannan yara sun fi taruwa a makarantar da ƙofarta ke buɗe ga kowa.

To ko akwai hanyar da ta fi wannan? Akwai, kuma ita na fi amincewa da ita. A ce makin shiga wata makaranta 220 ne. Yaron da ya samu 221 ya shiga, wanda ya samu 219 ya koma wata. Tsakaninsu tambaya ɗaya ce, wataƙila ma canki-in-canka. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya, iyayensu duk sun cika fom, duk sun yi lesin. Idan ka tara dubban irin waɗannan yara na bakin layi ka bi su shekara biyar, duk bambancin da ka gani makarantar ce ta kawo shi, domin ba abin da ya raba su sai ita. Kuskuren awo da himmar iyaye duk sun faɗa ɓangarorin biyu daidai wa daida.

An yi wannan a ƙasashe da dama. Atila Abdulkadiroglu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun yi shi a 2014 kan shahararrun makarantun jarrabawa na Boston da New York a Amurka, irin su Boston Latin da Stuyvesant, waɗanda iyaye ke kwana da tashi da burinsu. Wanda ya tsallaka da kyar ya samu abokan aji da suka fi ƙarfi ƙwarai, amma makinsa na jarrabawa bai bambanta da na wanda ya faɗi da kyar ba. Angrist na cikin waɗanda suka karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2021 saboda irin wannan salon bincike. A Kenya, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti sun yi shi a kan makarantun ƙasa, waɗanda suka fi kowace sakandare suna da kayan aiki, suka samu kusan abu ɗaya: sakamakon gama sakandare na wanda ya shiga da kyar bai ɗara na wanda aka bari a ƙofa ba. Wannan na Kenya ya fi girgiza ni, domin tazarar kayan aiki tsakanin makarantun a bayyane take.

Ba ko'ina aka samu sifili ba. A Tirinidad da Tobago, Kirabo Jackson ya samu riba ta gaske ga wanda ya shiga makarantar da ta fi. A Romaniya, Cristian Pop-Eleches da Miguel Urquiola sun samu riba ita ma a jarrabawar gamawa, ba babba ba, tare da wani abu da ya kamata kowane uba ya ji. Iyayen yaran da suka tsallaka da kyar sun rage taimaka musu da aikin gida, kamar sun ce makaranta ta ɗauke musu nauyi. Yaran kuma, da suka ga su ne na ƙasa a aji, sai suka fara jin an mai da su saniyar ware. Wannan na biyun masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa, Herbert Marsh ya yi ta rubutu a kai tun shekarun 1980: yaro yana auna kansa da waɗanda ke zaune kusa da shi. Wanda ya saba zuwa na ɗaya ko na biyu a firamare, ya wayi gari yana na ashirin da takwas cikin talatin, yakan yanke wa kansa hukunci cewa shi ba gwanin lissafi ba ne, alhali a ƙasa baki ɗaya yana cikin na gaba. Na ga yaran da wannan ya zaburar, na kuma ga waɗanda ya kashe musu gwiwa. Kai ka san wane iri ne ɗanka fiye da kowane jadawali.

Dalilin da ya sa sakamakon ƙasashe ya bambanta ba ɓoyayye ba ne. Ribar shiga makaranta ta dogara ne da wadda za ka koma in ba ka shiga ba. Idan ta biyun tana da malamai da tsari, ribar kaɗan ce. Idan ta biyun ta lalace, ribar tana iya girma. Haka kuma wannan salon bincike yana magana ne a kan yaran bakin layi kaɗai, ba ya faɗin komai kan haziƙin da ya wuce layin da tazara mai nisa. Kuma makin jarrabawa yake aunawa galibi. Damon Clark ya bi yaran da suka zana jarrabawar shiga a gabashin Yorkshire da ke Ingila a shekarun 1970, ya ga tasirin girama a kan maki ƙarami ne, amma ta canza irin darussan da yaro ya ɗauka, da alamar ta ƙara masa yiwuwar shiga jami'a. Wannan ina ganin gaskiya ce har gobe. Makarantar da kowa a cikinta ya ɗauka jami'a zai tafi tana sa wa yaro wannan zaton ba tare da an yi masa huɗuba ba, kuma ma'aunin darussa takwas ba ya ganin haka.

Akwai tambaya ta daban da mutane ke cakuɗawa da taka. Kai kana tambaya ne kan yaro ɗaya. Mai tsara manufa yana tambaya ne kan yaran yanki gaba ɗaya, waɗanda suka shiga da waɗanda aka bari. A wuri kamar Kent, inda girama ke kwashe kusan rubu'in yara, makarantar da ba ta tankaɗe ba ta zama ta kowa-da-kowa da gaske ba, domin an riga an yaɗe mata saman. Tana shan wuya wajen samun malamin fiziks, ajin manyan ɗalibanta ƙarami ne, kuma yaranta da yawa sun shigo da tabon cewa sun faɗi suna da shekara goma. Saboda haka idan ka ga an kwatanta girama da “sauran makarantu”, ka tambaya waɗanne: na yankin da ake tankaɗe, ko na yankin da ba a yi? Rahoton EPI ya samu cewa a yankunan da guraben girama suka fi yawa, waɗanda ba su shiga ba suna ɗan yin ƙasa da takwarorinsu na wasu wurare, kuma idan aka haɗa riba da asara a matakin ƙasa, jimillar ba ta motsa ba. Binciken Eric Hanushek da Ludger Woessmann na 2006, wanda ya kwatanta ƙasashen da ke raba yara da wuri, irin su Jamus da ke yi a shekara 10 a yawancin jihohinta, da waɗanda ke jinkirtawa, ya nuna rabawa da wuri tana faɗaɗa tazara tsakanin yara ba tare da ta ɗaga matsakaicinsu ba. Ni a nawa ra'ayin wannan ya isa dalilin ƙin faɗaɗa tsarin. Amma ba na ganin laifin uban da ya samu kansa a cikin tsarin ya nema wa ɗansa gurbi. Ba kai ka shata layin ba.

Yanzu ga abin da zan yi da jadawalin nan in ni ne kai. Zan bar makin makaranta na gaba ɗaya, in shiga shafin kowace makaranta a dandalin gwamnati, inda aka raba makin gida uku bisa ƙarfin da yara suka shigo da shi. Ka duba layin waɗanda suka shigo da ƙarfi a makarantar da ɗanka zai koma in bai ci ba, ka ga su nawa ne da kuma makinsu. Idan suna da yawan da zai cika aji, kuma makinsu yana kan sifili ko sama, to makarantar ta iya riƙe yaro irin naka, kuma tsoronka ya ragu da yawa. Idan 'yan ƙalilan ne kuma makin yana ƙasa shekara bayan shekara, to damuwarka tana da tushe, sai ka faɗaɗa nema. Kusa da kowane maki akwai lambobi biyu da ke nuna iyakar tabbacinsa. Idan sifili ya faɗa tsakaninsu, kada ka ɗauki makarantar ta bambanta da sauran ƙasa. Ka duba shekara uku a jere, ba ɗaya ba. Ka kuma sani cewa waɗanda suka zana GCSE a 2025 da 2026 ba su da wannan ma'aunin, domin annobar korona ta sa an soke jarrabawar ƙarshen firamare a 2020 da 2021, babu makin da za a ɗora lissafin a kai. Na shekarun baya za ka dogara da su, ka haɗa da abin da idonka ya gani.

Ka je makarantun biyu a ranar da ake karatu, ba ranar baje koli ba. Ka tambaya ko yaro zai iya ɗaukar fiziks da kemistiri da bayoloji a matsayin darussa uku daban-daban, da ko akwai harshe fiye da ɗaya, da shekara nawa malaman lissafi suka yi a wurin, da inda waɗanda suka gama bara suka tafi. Ka roƙi a nuna maka littafin aikin wani yaro na ajin gaba, ka ga ko malami yana gyara da rubutu ko alamar maki kawai yake sawa.

Shi kuma yaron, ku shirya jarrabawar yadda ya kamata, ya san irin tambayoyin, ya saba da agogo. Amma tun kafin Satumba ka kai shi ya ga makarantar ta biyu, ka nuna masa ɗakin gwaje-gwajenta da filin wasanta, ka yi maganarta a gida da mutunci yadda kake maganar girama. Sakamako yana fitowa ne a watan Oktoba, kuma ranar da ya fito fuskarka zai fara kallo kafin ya kalli takardar.